Sarrafa Fankar Kwamfuta daga Kenel: Tambayoyin da Na Gaji da Amsawa

Duk shekara, da zarar zafin bazara ya sauka a Kaduna cikin watan Maris, sai ɗaliban da nake koya wa rubuta manhaja su dawo da tambayoyi iri ɗaya a kan fanka. Ga amsoshin a rubuce, domin kada a sake tare ni a kansu.

Mene ne kenel?

Shi ne zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kuma ta hannunsa sauran manhajoji suke isa ga sassan na'ura. Wanda bai san wannan ba, lokacin taɓa fanka bai yi masa ba tukuna.

Sai na ƙirƙiro sabon tsari na kaina?

A'a. Kenel ɗin Linux yana da sashen hwmon, mai sa ido kan zafi da fanka, a /sys/class/hwmon, inda kowane fayil yake ɗauke da ƙima ɗaya tak. Fayil ɗin fan1_input yana nuna yawan juyin fanka a minti ɗaya, pwm1 yana karɓar lamba daga 0 zuwa 255 domin saita gudun fanka, shi kuwa pwm1_enable yana faɗin mai iko: 0 cikakken gudu, 1 sarrafawa da hannu, 2 zuwa sama na'ura ce ke sarrafa kanta.

Na ga 45000 a temp1_input, kwamfutata za ta ƙone ne?

Kwantar da hankalinka, raba lambar da 1000. Fayil ɗin zafi yake nunawa, kuma digiri 45 ne kawai a ma'aunin Celsius.

Idan manhajar da ke sarrafa fanka ta mutu fa?

Wannan ce tambayar da ta kamata a fara yi, amma kullum ita ce ta ƙarshe. Idan ka sa pwm1_enable a kan 1, ka rage gudu, sannan manhajarka ta tsaya, to a galibin na'urori fanka za ta zauna a kan lambar ƙarshe da aka rubuta, ko da zafi yana ta hauhawa. Manhajar fancontrol, mai sarrafa fanka a Linux, takan mayar da fanka yanayin da ta same ta ko cikakken gudu idan ta fita lafiya, amma wadda aka kashe ba zato ba ta samun wannan damar. A ganina, kariyar ta fi dacewa da zama cikin direban da ke kenel, wato ɓangaren da ke magana da na'urar kai tsaye, kamar yadda direban thinkpad_acpi na kwamfutocin ThinkPad yake da agogon tsaro na har daƙiƙa 120: idan lokacin ya cika ba a turo sabon umarni ba, sai ya mayar da fanka yanayin da ba shi da haɗari. Sai dai wannan ma ba maganin komai ba ne, domin idan kenel ɗin kansa ya daskare, agogon da ke cikinsa ya daskare tare da shi, kuma a wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka ƙaramar na'urar da ke kula da fanka takan karɓe iko ta yi watsi da abin da ka rubuta. Saboda haka, inda na'ura take iya bin jadawalin zafi da kanta, na fi son a tsara mata jadawalin a bar ta da aikinta.

Me ya sa fankata ta ƙi bin umarni?

Ƙirga wayoyinta. Mai waya huɗu tana bin siginar PWM, wato siginar kunnawa da kashewa cikin sauri da ke saita gudu, mai uku kuwa sai an rage mata ƙarfin lantarki, abin da pwm1_mode yake zaɓa idan na'urar ta yarda. Kafin ka zargi direba kuma, buɗe akwatin ka share ƙurar hunturun da ta taru tun Disamba.