Gyaran layi a manhajojin layin umarni

Gyaran layi shi ne damar da manhajar layin umarni, wato wadda ake sarrafawa ta hanyar buga mata umarni a rubuce, ke bai wa mai aiki da ita ya gyara abin da yake bugawa kafin ya danna Enter: ya koma baya da kibiya, ya goge harafi a tsakiyar layi, ko ya dawo da umarnin da ya bayar ɗazu. Manhaja ba ta samun wannan haka kawai. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, in ya rubuta ƙaramar manhaja da harshen C yana karɓar rubutu da fgets, wato umarnin C na karanta layi, da zarar ya danna kibiyar sama sai ya ga ^[[A ya fito masa. Dalili kuwa, tasha (terminal), wato tagar da ake buga umarni a cikinta, a yanayinta na asali tana riƙe layin ne sai an gama shi sannan ta miƙa wa manhaja. Mai son gyaran layi dole ya sauya yanayin tashar ta hanyar termios, wato tsarin saita tasha, ya riƙa karɓar kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, yana sake zana layin da kansa.

Tsohon maganin wannan shi ne GNU Readline, shiryayyen kayan aiki da ake haɗawa cikin manhaja don ya yi mata gyaran layi, wanda Brian Fox ya fara rubutawa a ƙarshen shekarun 1980, Chet Ramey kuma ke kula da shi. Da shi Bash, manhajar karɓar umarni ta GNU, ke aiki. Sai dai yana da girma, kuma lasisinsa GPL ne, don haka manhajar da aka haɗa da shi aka rarraba sai ta bi sharuɗɗan GPL, wato ita ma a buɗe lambobinta na asali ga waɗanda aka rarraba wa. Masu gudun wannan sharaɗi sukan koma ga libedit, takwaransa na tsarin NetBSD, mai lasisin BSD da ba shi da wannan sharaɗi.

A 2010 Salvatore Sanfilippo, ɗan Italiya da ya ƙirƙiro manhajar adana bayanai ta Redis, ya fitar da linenoise, ƙaramin madadin Readline. Hujjarsa ita ce kusan duk tashoshin zamani suna fahimtar lambobin sarrafawa na VT100, na'urar da kamfanin DEC ya fitar a 1978, saboda haka babu buƙatar ɗaukar nauyin tsofaffin tashoshi barkatai. Fayiloli biyu ne kacal, linenoise.c da linenoise.h, a kwafa su cikin aiki a harhaɗa tare. Yana adana tarihin umarni, yana ƙarasa kalma in an danna Tab, Ctrl-A da Ctrl-E kuma suna kai mutum farko da ƙarshen layi. Da shi redis-cli, manhajar layin umarni ta Redis, ke aiki.

Ga mai rubutu da Hausa akwai abin lura. Ƙ, ɗ da ɓ kowanne bayit (ma'aunin bayanai a kwamfuta) biyu ne a tsarin adana haruffa na UTF-8, linenoise na farko kuwa bayit yake ƙirgawa, ba harafi ba. Sai alamar da ke nuna inda ake rubutu ta kauce wa gurbinta, ko gogewa ɗaya ta cire rabin harafi. Wasu rassan linenoise irin su linenoise-ng da replxx sun magance wannan, shi ya sa ya kamata a gwada kalma kamar "ƙarƙashi" kafin a zaɓi ɗaya.

Manhajar da ba a da lambobinta a hannu kuma, ana iya lulluɓe ta da rlwrap, wanda ke ara mata Readline daga waje ba tare da an taɓa ta ba.