Waiwaye: Yadda takaddamar shanun Holand ta samo asali

Wanda ya ga taraktoci sun toshe hanyoyin birnin Hague ranar 1 ga Oktoban 2019 zai ɗauka ranar ce rigimar manoman Holand ta soma. Har yau ana muhawara: a rage shanu don a ceci muhalli, ko a bar makiyaya su ci abinci? Maganar ta girmi wannan rana nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Bayan yunwar hunturun 1944 zuwa 1945, ƙasar ta duƙufa kan noma da kiwo har ta zama ta biyu a duniya wajen fitar da kayan gona, bayan Amurka. Ƙasa ƙarama, shanu kusan miliyan 4, aladu wajen miliyan 10. Kashi da fitsarin dabbobin nan suna fitar da iskar amoniya mai ɗauke da sinadarin naitrojin, wadda ke sauka kan dazuzzuka da fadamu ta sa ƙasa ta yi tsami, tsirrai na asali su mutu.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne shekarar 2015, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Tun 1984 akwai iyakar madarar da kowace ƙasa a Tarayyar Turai za ta samar. Ranar 1 ga Afrilun 2015 aka ɗage iyakar. Da yake an daɗe da sanin ranar, makiyaya da yawa sun ci bashi, sun gina manyan ɗakunan shanu, sun ƙaro garke. Ba laifi suka yi ba, abin da kasuwa da doka suka nuna musu ke nan. Wata uku bayan haka, ranar 1 ga Yuli, aka fara tsarin da ake kira PAS, wanda ke ba da izinin faɗaɗa gona da sauran ayyukan da ke fitar da naitrojin yau bisa fatan cewa gurɓatar za ta ragu gobe. Wato an ci bashi biyu lokaci guda, na kuɗi da na muhalli.

Ba a je ko'ina ba farashin madara ya faɗi, takin dabbobi kuma ya zarce iyakar sinadarin fosfet da aka amince wa ƙasar. A 2017 dole aka rage garke, a 2018 aka kawo takardar haƙƙin fosfet, wadda ke iyakance yawan takin da shanun kowane makiyayi za su fitar, aka lissafa rabon kowa da shanun da yake da su ranar 2 ga Yulin 2015. Wanda ya gama gini amma bai kai ga zuba shanu ba a wannan rana, sai ya tashi da ɗaki rabi fanko, banki kuwa na jiran kuɗinsa cif. Wannan raunin ne manoma suka ɗauko zuwa kan titi.

Ranar 29 ga Mayun 2019 babbar kotun gudanarwa ta soke PAS, ta ce ba a ba da izini kan ragin da bai tabbata ba. Ayyuka kusan 18,000 suka tsaya, har da gina gidaje da hanyoyi. Daga nan sai ga taswirar da gwamnati ta fitar a Yunin 2022 da ta nemi a rage gurɓatar naitrojin da rabi kafin 2030, tutocin ƙasar da aka kife a bakin gonaki don nuna adawa, da nasarar jam'iyyar manoma ta BBB a zaɓen larduna na Maris 2023.

Lalacewar dazuzzukan gaskiya ce, ba wanda zai musa. Amma ba za a iya tsara ragi mai adalci ba in an manta da bashin da aka ci a 2015. A Janairun 2025 wata kotu a Hague ta ce dole gwamnati ta cika burin rage gurɓatar naitrojin na 2030 da ke cikin doka, alhali dubban manoman da suka bi ƙa'idar PAS sau da ƙafa sun shafe shekaru suna kiwo ba tare da cikakken izini a hannu ba, saboda soke tsarin da aka yi.