Bahago da bindigar farauta: amsar tambayoyin da kuka dame ni da su

Tun da samarinmu na Zuru da Yawuri suka fara kallon bidiyon 'yan wasan harbi na Amurka a waya, ban sake samun sakat ba. Don an san na yi aikin soja kuma ina fita farauta da rani, duk wanda ya ga wani abu sai ya turo mini. Tambayoyin ba sa canjawa, masu yin su ne kawai ke canjawa. Ga amsa a wuri guda.

Baba, mene ne ma wannan bindiga "mai hannu biyu" da ake ta yabo?

A cikin bindiga akwai sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle bayansa. Akwai abin jan ta, akwai maɓallin da ke riƙe ta a buɗe ko ya sake ta, akwai kuma makullin da ke hana kunama tashi. Idan an sa waɗannan ta dama da ta hagu duka, shi ke nan abin da ake nufi. Babu wani sihiri.

A ina zan samu irin ta cikin bidiyon?

Ba za ka samu ba, kuma ka daina nema. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta raba makamai gida uku. Na yaƙi haramun ne sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta da wasanni lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka ta gargajiya kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke da ta cewa. Ko a 2022, da gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, 'yan sanda fitowa suka yi suka ce an dakatar da bayarwa. Kuna ganin halin da ake ciki a dazukanmu, daga Danko-Wasagu har Anka. Wanda duk aka tsare da irin wannan makami, babu mai tsayawa jin cewa wasa ya je yi. Ilimin abin nake ba ku, ba hanyar kasuwa ba.

To bahago me ya dame shi? Ba kowa kunama yake ja ba?

Wanda ya yi wannan tambaya bai taɓa zama kusa da bahago a filin harbi ba. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, amma yawancin bindigogin duniya don mai dama aka ƙera su. Ɗauki AR-15 ɗin da kuke kallo, wadda Eugene Stoner da abokan aikinsa suka tsara a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950. Makullinta na hagu, daidai babban yatsan mai dama. Kwanson harsashi kuwa, bayan an harba, ta dama yake fita. Idan bahago ya ɗora ta a kafaɗar hagu, fuskarsa na gefen da kwanson ke fitowa, da zafinsa da hayaƙinsa. Na ga kwanso ya faɗa cikin wuyan rigar mutum, ya zabura yana kakkaɓewa, bakin bindiga ya bi ta kan layin abokansa kafin a daka masa tsawa. Sai a shekarun 1980 aka ƙara wani ɗan tudu bayan tagar kwanson a samfurin M16A2 don ya karkatar da shi.

A bindigar farauta mai sakatar hannu ma haka ne. Mariƙin na dama, dole bahago ya tsallako da hannu ta kanta ko ya sauke ta daga kafaɗa bayan kowane harbi, kamar a ba shi almakashin tela a ce ya yanka shadda. Shi ya sa kamfanoni irin su Savage suka fara fitar da ta bahagwai tun kusan 1960.

Ni da dama nake aiki. Tsarin nan na hannu biyu yana da wani amfani gare ni?

Yana da shi, amma ba wanda kuke zato ba. Ku sauri kuke gani. Ni abin da nake gani shi ne mutum ya iya buɗe sakata ya kulle ta a baya, ya leƙa ya tabbatar babu harsashi, ba tare da ya sauya hannu yana jujjuya bindiga ba. A wajen jujjuyawar nan ake kashe ɗan'uwa. Sai dai wasu ƙarafunan da ake ɗaurawa daga baya suna ratsowa ta cikin zoben kunama, su koya wa yatsa shiga inda bai kamata ba. Waɗannan ba na son su ko kaɗan.

Yana ƙara saiti?

A'a.

Baba, ni bahago ne aka haife ni, amma an horar da ni da dama tun ina yaro. Wace kafaɗa zan ɗora bindiga?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, kuma ba ta da amsa ɗaya. Irinku suna da yawa a ƙasar nan. An buge hannun hagu a bakin akushi, an buge shi a makarantar allo, yaro ya tashi yana rubutu da dama amma yana jifa da hagu.

Da farko ka manta da hannu, ka tambayi ido. Kowa na da idon da ya fi rinjaye. Miƙa hannuwanka biyu, ka haɗa su ka bar 'yar kafa a tsakiya, ka hango wani abu mai nisa ta cikinta, ko hasumiyar masallaci ce, idanunka biyu a buɗe. Rufe na hagu. Idan hasumiyar na nan, idon dama ne shugaba. Idan ta ɓace, na hagu ne. Ka maimaita a ranaku daban, domin gajiya na sa sakamakon ya rikice, kuma akwai waɗanda idanunsu ba wanda ya rinjayi wani sosai.

Idan idon hagu ne, ni a ganina ka koma kafaɗar hagu, musamman in tsuntsu kake harbi a sama, zabon daji ko fakara. Wannan harbin da ido biyu a buɗe ake yin sa, kuma in idon da ke mulki ba shi ne kan bututu ba, za ka yi ta kuskure gefe guda kana zargin harsashi. Amma in dabba ce a tsaye, kana da lokacin saitawa, kana iya runtse idon hagu ka ci gaba da dama, mutane da yawa sun tsufa a haka suna cin nama. Shekaru ma na da nasu. Yaro ɗan ashirin zai sauya kafaɗa cikin 'yan makonni. Dattijon da ya shekara talatin yana harbi da dama, ba zan ce masa ya sauya ba, don a lokacin sabon koyo hannu ke ruɗewa, kuma ruɗewa da bindiga a ɗane ba abin wasa ba ne.

Sannan ka dubi abin da ke hannunka. Bindigar da ake karyawa a sa harsashi, mai baki ɗaya ko biyu, kusan ba ruwanta da dama ko hagu, tunda mabuɗinta a sama yake kuma ba ta watso kwanso gefe. Sai dai wasu an ɗan karkatar da gindinsu don kuncin mai dama, ka gwada ka ji ko idonka na sauka daidai. Mai sakatar hannu ta dama kuwa, akwai abin da ba a cika faɗa ba: an yi mata hanyar da iskar wuta za ta fita idan kwanso ya fashe, kuma da fuskar mai dama aka yi lissafin. Don haka in za ka ɗora ta hagu, kada ka harba ba tabarau. Kada ka damu, ɗana, ba nakasa ba ce. Ka yi gwajin da bindiga wadda ka tabbatar babu komai a cikinta, a gaban babba, kafin ka yanke.

Ba hannun hagu na ƙazanta ba ne?

Ci da sha da gaisuwa aka ce ka yi da dama. Ka riƙe wannan. Ba a ce ka harbi gefen zomo ba.

Maƙerin garinmu ya ce zai juya mini mariƙin sakata ya koma hagu. In ba shi?

Kul! Kada ka kuskura. Ina girmama maƙeranmu, su suka riƙe mu da fartanya da garma. Amma sakata ita ce ke tsakanin fashewar albarushi da idonka. An gasa ƙarfenta da awo a masana'anta, in aka sa mata wutar walda ta yi laushi ko ta yi gautsi, ido ba ya gani. Za ta yi harbi goma lafiya, ta tashi a na gaba. Ban da haka, doka ba ta yarda kowa ya gyara bindiga ba sai mai izini. Abin da ya fi ba ni haushi, masu wannan tambaya galibi magidanta ne da 'ya'ya.

Bindigar toka ta kakana fa, bahago zai iya harba ta?

Zai iya, amma ya san cewa ƙarfen da ke dukan hula, wato ɗan murfin da ke kunna albarushi, yana gefen dama. A kafaɗar hagu, tartsatsin da ɓarɓashin hular a gaban idonsa suke tashi, hannun damansa kuma na kusa da wurin. Ya sa tabarau, ya sa riga mai dogon hannu, kada ya ƙara albarushi fiye da yadda Sarkin Baka ya auna masa. In bututun ya yi tsatsa har ya fara rami, a rataye ta a bango, a bar ta nan.