Saurin kunkuru da kififiya a tudu da cikin ruwa: tambayoyi da amsoshi

Da farko, kunkuru da kififiya ba dabba ɗaya ba ce?

Dangi ɗaya ne, amma mazauninsu ya bambanta, kuma wannan bambanci shi ne tushen duk maganar saurinsu. Kunkuru ɗan tudu ne, ƙoƙon bayansa a tashe yake kamar an kifa ƙwarya, ƙafafunsa gajeru ne masu kauri irin na giwa. Kififiya kuwa 'yar kogi da tafki ce, bayanta a baje yake, kuma akwai fata tsakanin yatsunta kamar ta agwagwa. Rukuni na uku shi ne kunkurun teku, wanda ƙafafunsa na gaba suka zama dogayen filafilai, kuma macensa ba ta cika hawa tudu ba sai idan za ta saka ƙwai.

Nawa ne ainihin saurin kunkurun tudu?

A shekarar 1835 masanin halittu Charles Darwin ya bi wani ƙaton kunkuru a tsibiran Galapagos yana auna tafiyarsa, ya tarar yana cin yadi 60 cikin minti 10, wato kimanin mita 330 a awa guda. Ya ƙiyasta cewa irin wannan kunkuru zai iya yin mil huɗu a kwana ɗaya, idan aka cire ɗan lokacin da yake tsayawa cin abinci a hanya. Mutum mai lafiya da ke tafiyarsa ba tare da gaggawa ba yakan yi kusan kilomita biyar a awa, don haka ya ninka wannan kunkuru sau goma sha biyar.

Wanda kundin bajinta na Guinness ya rubuta a matsayin mafi sauri shi ne wani kunkuru mai suna Bertie, daga jinsin nan na Afirka mai zanen damisa a baya. A shekarar 2014, a yankin Durham na Ingila, ya gama mita 5.48 cikin daƙiƙa 19.59, abin da ya yi daidai da kusan kilomita ɗaya a awa. Da za a sa shi tseren mita 100 kuma ya riƙe wannan sauri har ƙarshe, zai ɗauki kusan minti shida, alhali Usain Bolt ya gama wannan nisa cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Berlin a 2009.

Me ya sa yake da nawa haka?

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan nauyin ƙoƙon bayansa kawai, amma lamarin ya wuce nan. Ƙoƙon ba riga ba ce da ya sa, ƙashin jikinsa ne, domin haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama wannan garkuwa. Dabbar da ke gudu, ko kare ko barewa ko ma ƙadangare, tana lanƙwasa gadon bayanta domin ta tsawaita takunta, kunkuru kuwa ba shi da halin yin haka ko kaɗan. Ƙasusuwan kafaɗarsa ma a cikin kejin haƙarƙarin suke, ƙafafun kuma suna fitowa ta gefe cikin 'yan ƙofofi masu ƙunci, don haka duk takun da zai yi gajere ne. Wanda ya tsuguna ya kalli kunkuru yana tafiya a tsakar gida zai ga yadda yake ɗaga jikinsa daga ƙasa tukuna, sannan ya miƙa ƙafa ɗaya, ƙoƙon ya ɗan karkata gefe, kafin ya kawo ta gaba.

Dalili na biyu shi ne zafin jiki. Kunkuru ba ya samar da ɗumin jikinsa kamar mu, daga rana yake samu, shi ya sa da sanyin safiya motsinsa yake ƙara yin nauyi, sai ya sha hantsi jikinsa ya saki. A ganina kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin naƙasa. Abincinsa ciyawa ce da ganye, ba sa gudu balle ya kore su, kuma idan maƙiyi ya taso sai ya janye kai da ƙafafu ya shige gidansa. Tafiyar tasa kuma ba ta cin ƙarfi sosai, abin da ke da muhimmanci ga dabbar da ke zaune inda abinci da ruwa suke da wuya. Babban kunkurun Sahel, wanda ake samu daga Senegal zuwa Nijar da Chadi da Sudan, kuma shi ne na uku a girma a duniya bayan na Galapagos da na tsibirin Aldabra da ke tekun Indiya, yakan haƙa rami mai zurfi ya kwanta lokacin zafin rana, ba ya fita kiwo sai da safe da yamma.

Akwai wani ɗan kunkuru a Kenya da Tanzaniya da ya saɓa wa 'yan uwansa. Ƙoƙonsa shafal yake kuma a baje, ba ya kare shi sosai, saboda haka idan ya tsorata sai ya ruga ya cusa kansa cikin tsagar dutse.

Kififiya fa, ta fi kunkuru sauri a tudu?

Ta fi shi nesa ba kusa ba, musamman mai taushin baya, wadda ake samu a manyan kogunan Afirka irin su Nilu da Kwara. Jikinta ba nauyi, kuma idan aka rutsa ta tana shan hantsi a bakin ruwa takan zabura ta faɗa cikin ruwa kafin mutum ya sunkuya. Sai dai gudun na ɗan taƙi ne, iyakarsa tsakanin gaɓa da ruwa.

A cikin ruwa wane ne gwani?

Kunkurun teku mai bayan fata, wanda shi ne mafi girma a dangin duka. An taɓa samun wani a gaɓar Wales a 1988 da nauyinsa ya haura kilo 900. Kundin Guinness ya rubuta masa gudun kilomita 35 a awa, wanda aka auna daga wani da ya firgita a tekun Fasifik. Idan aka tuna cewa gwanayen ninkaya na duniya suna gama mita 50 cikin kusan daƙiƙa 21, wato ƙasa da kilomita tara a awa, za a gane cewa ya ninka su kusan sau huɗu. Yana kaɗa filafilansa biyu na gaba a tare, sama da ƙasa, kamar yadda tsuntsu ke kaɗa fikafikai, na baya kuma su ne linzaminsa. Nauyin da ke danne ɗan uwansa na tudu, shi ruwa ne ke ɗaukar masa.

Wancan adadi na 35 gudun tsira ne, ba tafiyar yau da kullum ba. A tafiyarsa ta al'ada bai cika wuce kilomita biyu zuwa uku a awa ba, kuma abin mamakin yana cikin juriyarsa. Masu bincike sun liƙa wa wata mace na'urar da tauraron ɗan Adam ke bibiya a gaɓar Papua ta Indonesiya, suka bi ta tsawon kwana 647, ta ratsa tekun Fasifik har gaɓar Oregon a Amurka, ta yi tafiyar da ta haura kilomita 20,000. Idan aka raba, kusan kilomita 32 ke nan a kowace rana, har na tsawon shekara ɗaya da wata tara. Koren kunkurun teku shi ma yana tashi daga gaɓar Brazil ya nufi ɗan tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atlantika, tafiyar sama da kilomita 2,000, domin kawai ya hayayyafa.

Wannan gwani kuwa idan ya hau tudu abin tausayi yake komawa. A gaɓar Gabon, inda dubban masu bayan fata ke zuwa saka ƙwai, macen takan fito da dare tana jan ciki a kan yashi, tana yi tana tsayawa tana huci, ta bar sawu mai faɗi kamar na tarakta.

Idan aka jefa kunkurun tudu cikin ruwa zai iya iyo?

Bai kamata a gwada ba. Ƙafafunsa ba na iyo ba ne, kuma a ruwa mai zurfi yana iya nutsewa ya mutu. Yara kan yi wannan kuskure da kyakkyawar niyya, suna zaton gida suka mai da shi. A duba ƙafafun tukuna, idan babu fata tsakanin yatsu to ɗan tudu ne.

Me ya kamata mutum ya yi idan ya ga kunkuru yana ƙetare titi?

Titi mai faɗin mita bakwai, ko Bertie sai ya yi daƙiƙa 25 kafin ya ƙetare shi, kuma cikin wannan lokaci motar da ke gudun kilomita 80 a awa ta ci fiye da rabin kilomita. Abin da ya ƙara muni shi ne idan ya ji rugugin mota sai ya shige ƙoƙonsa ya tsaya cak a tsakiyar kwalta, ƙoƙon kuwa ba ya jure taya. Idan babu haɗari ga mai tsayawa, a ɗauke shi da hannu biyu ta gefe da gefe, a ajiye shi a ɓangaren da ya dosa, domin idan aka mai da shi inda ya fito zai sake juyowa ya hau titin.