Wasan Rose Bowl da Shirin Zuwa Kallonsa a Pasadena

Rose Bowl wasa ne na ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wadda ake runguma a hannu ana gudu da ita. Ƙungiyoyin jami'o'i biyu ne ke buga shi a ranar 1 ga Janairu, a garin Pasadena na jihar Kalifoniya, kimanin kilomita 16 arewa maso gabas da tsakiyar Los Angeles. Shi ne mafi tsufa a cikin wasannin ƙarshen kaka da Amurkawa ke kira bowl, don haka suke masa kirari da kakan su duka. Ƙungiyar Tournament of Roses ce ke shirya shi, tare da faretin furanni da ake yi da safiyar wannan rana, kuma galibin masu tattaki zuwa Pasadena abu biyun suke so su gani a wuni guda.

Asali

Fareti ya girmi wasan. A 1890 ne 'yan wani kulob mai suna Valley Hunt Club suka fara ƙawata kekunan dawakinsu da furanni suna zagaya gari, don su nuna wa mutanen gabashin ƙasar, waɗanda dusar ƙanƙara ta rufe a lokacin, cewa a nan fure na tohowa a tsakiyar hunturu. An shigo da ƙwallo ne a 1902 don a samu kuɗin tafiyar da bikin. Wannan karon farko bai yi armashi ba: jami'ar Michigan ta lallasa Stanford da ci 49 da nema, har Stanford ta nemi a tashi tun lokaci bai cika ba. Masu shiryawa suka ajiye ƙwallo, suka koma tseren kekunan dawaki irin na Rumawan da, wata shekarar har da tseren jimina. Sai a 1916 aka dawo da wasan, kuma tun daga nan bai sake tsallake shekara ba.

Da jama'a suka fi ƙarfin tsohon filin Tournament Park, sai aka gina sabo a kwarin Arroyo Seco a 1922. Mai zanen gini Myron Hunt ya kwaikwayi filin jami'ar Yale, wanda aka yi shi kamar akushi, wato bowl a Turance, daga nan sunan ya fito, ya kuma bi duk wasannin da aka ƙirƙiro daga baya: Sugar a New Orleans da Orange a Miami a 1935, sai Cotton a Dallas a 1937. A yau sun kai wajen 40, ana buga su daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu, kuma a ƙa'ida ƙungiya ba ta samun gayyata sai ta ci aƙalla wasa shida a cikin 12 na kakarta.

Sau biyu aka buga Rose Bowl a wajen Pasadena. A 1942, makonni kaɗan bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, an ji tsoron tara dubban mutane a gaɓar yamma, sai aka kai shi Durham a jihar North Carolina, inda Oregon State ta doke mai masaukinta Duke 20 da 16. A 2021 kuma annobar korona ta sa aka mayar da shi Arlington a jihar Texas, faretin ma ba a yi ba.

Akwai wata tsohuwar doka da mai shirin tafiya zai duba kafin ya sayi tikitin jirgi: ba a yin bikin ran Lahadi. Tun 1893 aka kafa ta, saboda gudun kada hayaniya ta firgita dawakin da masu ibada suka ɗaure a ƙofar majami'u. Dawakin sun tafi, dokar tana nan. Duk shekarar da 1 ga Janairu ta faɗo Lahadi, sai a ɗage komai zuwa Litinin 2 ga wata.

Su wa ke bugawa

Daga 1947 aka ɗaura yarjejeniyar da ta ba wasan kamanninsa: zakaran rukunin Big Ten na jihohin tsakiyar ƙasa zai kara da zakaran rukunin gaɓar tekun Pasifik, wanda daga baya ya zama Pac-12. Ga mutumin Ohio ko Wisconsin, zuwa Pasadena ya zama gudun sanyi da ladan shekara a haɗe. Tsarin ya fara sassautawa ne da aka shiga neman hanyar fitar da zakaran ƙasa baki ɗaya. A 2002 da 2006 Rose Bowl ce ta zama wasan ƙarshe, kuma na 2006, wanda Texas ta ci jami'ar USC 41 da 38 bayan ɗan wasanta Vince Young ya kutsa da ƙwallo ana dab da tashi, har yanzu masu sharhi na sa shi a sahun farko. Daga kakar 2014 aka kafa gasar fitar da gwani ta ƙungiyoyi huɗu, Rose Bowl na karɓar wasan kusa da na ƙarshe duk shekara uku. A 2024 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12, a shekarar kuma galibin jami'o'in rukunin Pac-12 suka watse, USC da UCLA da Oregon da Washington suka koma Big Ten. Abin da aka gani a Janairun 2025 ya nuna inda aka kwana: Ohio State da Oregon, 'yan rukuni ɗaya, su suka haɗu a zagayen 'yan takwas, Ohio State ta yi nasara 41 da 21.

Wannan sauyi shi ne ainihin ciwon kan matafiyi. Ana sanar da jadawalin gasar ne a farkon Disamba. Idan Rose Bowl na zagayen 'yan takwas, ƙungiya ɗaya ce kawai ake sani a ranar, wato wadda aka yafe wa zagayen farko. Abokiyar karawarta sai an buga wasan zagayen farko wajen 20 ga wata. Magoya bayanta ke nan suna da kwana goma da 'yan kai su nemi jirgi da ɗaki da tikiti, a makon da kowa a Amurka ke kan hanya. Ga shi kuma idan ƙungiyar ta ci, akwai wata tafiyar a gaba, sai mutum ya auna aljihunsa ya ga wanne zai je. Wanda bikin ne ya kawo shi, ba wata ƙungiya ba, ya fi kowa sauƙi, domin yana iya kama komai tun watanni kafin lokaci.

Tikiti da masauki

Kaso mai yawa na kujerun filin ana miƙa shi ga jami'o'in biyu, su kuma su fara sayar wa masu ba su gudummawa, da masu tikitin kaka, da ɗalibai, da tsofaffin ɗalibai. Saura yana bi ta hannun masu shiryawa da kamfanonin yawon buɗe ido da ke haɗa tikiti da otal da mota a farashi ɗaya. Akwai kuma kasuwar sake sayarwa a intanet, inda farashi ke hawa da sauka bisa ga wanda zai buga: ƙungiyar da ta daɗe rabonta da Pasadena, ko mai tarin magoya baya, takan tayar da shi sama. Tikitin yanzu a waya yake, kuma an fi so a sauke shi tun a masauki, saboda layi yakan cushe idan mutum dubu casa'in suka taru a kwari ɗaya. Sayen tikiti a hannun masu tallarsa a bakin titi kasada ce.

Pasadena ba babban gari ba ne, otal-otal ɗinta kan cika da wuri, da yawa kuma sukan ƙi bayar da ɗaki na kwana ɗaya a wannan mako. Mutane kan sauka a Glendale, Burbank, Arcadia ko tsakiyar Los Angeles. Filin jirgin sama na Burbank ya fi kusa, na Los Angeles, wato LAX, ya fi yawan jirage, shi ne kuma mashigar masu zuwa daga ƙetare, waɗanda biza ce farkon abin da za su nema. Dabarar da ta fi kowace ita ce a kama masauki kusa da layin jirgin ƙasa na A, wanda ke ratsa Pasadena, domin ran bikin ana rufe manyan tituna, mota ta zama kaya.

Dare da safiyar fareti

Faretin na tashi da ƙarfe 8 na safe daga titin Orange Grove, ya karya kwana ya hau Colorado Boulevard, ya yi tafiyar mil biyar da rabi, wato kusan kilomita 9. Sharaɗin motocin ado shi ne duk inda ido zai gani a jikinsu a rufe shi da abin da ƙasa ta tsirar: fure, ganye, ɓawon itace, iri. Wanda ya matsa kusa zai ga abin da talabijin ba ya nunawa, yadda aka manna ƙwayar wake ko riɗi ɗaya bayan ɗaya don a fitar da idon dabba, da yadda aka tsoma kowane furen wardi a 'yar kwalbar ruwa tasa kafin a soke shi a jikin motar. Masu aikin sa kai ne ke yin wannan a kwanakin ƙarshe na Disamba, ana kuma barin baƙi su shiga rumfunan su gani da tikiti. Tsakanin motocin akwai 'yan badujala na makarantu da mahaya dawaki, jami'o'in biyu ma kowacce na fito da makaɗanta.

Kallon iri biyu ne. Akwai kujerun benci da ake saya, akwai kuma gefen titi na kyauta, wanda ake kama wuri a cikinsa tun tsakar ranar 31 ga Disamba. Iyalai kan zo da barguna da kujerun naɗewa su kwana a nan, a yi shigar sabuwar shekara a kan kwalta. Baƙi da yawa na ruɗuwa da sunan Kalifoniya su zo da riga ɗaya. Da rana zafi kan kai wajen digiri 20, amma da asuba yakan sauka ƙasa da 10. Ruwan sama ba kasafai ba, ko da yake a 2006 ya jiƙa faretin sharkaf, karo na farko tun 1955.

Daga titi zuwa fili

Tsakanin ƙarshen fareti da take wasa 'yan sa'o'i ne, a nan ne shiri ke nuna kansa. Filin yana cikin kwari, hanyoyin shigarsa kaɗan ne kuma matsattsu. Akwai bas-bas da ke jigila daga harabar kamfanin Parsons a tsohon gari, kusa da tashar Memorial Park. Masu ƙarfin ƙafa kan taka, tafiyar kimanin kilomita 3 ce, gangara a zuwa, hawa a dawowa. Masu mota kan yi fakin a kan ciyawar filin wasan golf na Brookside da ke maƙwabtaka, inda tun da hantsi ake buɗe bayan motoci, a kafa rumfa, a hura gawayi ana gashi. Giya da naman alade sun yawaita a irin wannan zama, mai kiyaye abin da yake ci sai ya tambaya. A ƙofa ba a shiga da babbar jaka sai wadda ake ganin cikinta, ƙofofin shiga rukunin kujeru kuma 'yan siraran lunguna ne irin na ginin da, layi yakan yi tsawo.

Filin na ɗaukar mutum kusan 90,000 yanzu. Mafi yawan da aka taɓa ƙirgawa a wasan shi ne 106,869 a 1973. Kujeru da dama benci ne marar majingina. Masu bin ƙwallon da aka saba da ita sun san wurin ta wata fuskar: a nan Roberto Baggio ya ɗaga fenariti sama Brazil ta ɗauki Kofin Duniya na 1994, a nan kuma Kamaru ta yi 2 da 2 da Sweden a gasar. Jami'ar UCLA ta mayar da shi gidanta a 1982.

Wasan kashi huɗu ne na minti 15, kowane ɓangare da 'yan wasa 11, amma da yake ana yawan tsayar da agogo, ga tallace-tallacen talabijin, yakan haura sa'a uku. A hutun rabin lokaci makaɗan jami'o'in ne ke cika filin. An yi shekaru da dama ana take shi wajen ƙarfe 2 na rana, daidai da 11 na dare a Najeriya da Nijar, masu shiryawa kuma sun daɗe suna kare wannan lokaci, saboda a kashi na uku rana ke faɗuwa ta rina duwatsun San Gabriel da ke bayan filin. Lokacin na iya sauyawa bisa jadawalin gasar, sai a duba na shekarar. Da zarar rana ta faɗi sanyi ke saukowa.

Wani abin da mai sayen tikiti zai sa a lissafi shi ne fitattun 'yan wasa kan janye daga wasannin bowl don kada rauni ya ɓata musu damar shiga gasar ƙwararru ta NFL. Hakan ya fi faruwa a wasan da ba ya cikin gasar fitar da gwani. Ba kullum ne yake rage armashi ba: a 2022 manyan masu cafe ƙwallo biyu na Ohio State sun janye, sai abokin wasansu Jaxon Smith-Njigba ya tara yadi 347 ta hanyar cafe ƙwallo, suka ci Utah 48 da 45.

Fita daga kwarin bayan tashi kan ci sa'a guda ko fiye, ko a bas ko a mota, masu tafiya a ƙasa sukan riga kowa isa tasha. Wanda ya ƙara kwana yana iya zuwa gabashin gari, kusa da inda faretin ya ƙare, inda ake jera motocin adon a sayar da tikitin shiga a gan su a tsaye kafin a kwance su.