Ina wutar injin sassaƙar ƙarfe take tafiya?

Tun da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan tambaya ta shafi duk mai injin sassaƙar ƙarfe, daga masana'antun Kakuri har rumfunan Panteka a Kaduna.

Ba wajen yanka injin yake shan wuta ba?

Kaɗan ce take zuwa bakin wuƙa. Da ka kunna inji, motarsa ta lantarki ta fara juyawa, famfon ruwan sanyaya wuƙa da na mai su tashi, ga fanka da fitila, in mai kwamfuta ne ga allonsa, alhali ko ɓurɓushin ƙarfe bai faɗo ba. A 2006 Timothy Gutowski da abokan aikinsa na jami'ar MIT a Amurka sun kawo misalin wani layin injinan Toyota, inda yankan kansa bai kai kashi 15 cikin 100 na wutar ba. Ƙaramin injin hannu bai kai haka ɓarna ba, amma shi ma yana da nasa kason.

To yaya ake lissafin?

Gida biyu ne: wutar da injin yake ci don kawai yana kunne, sai wadda take ƙaruwa gwargwadon ƙarfen da ake cirewa a daƙiƙa. Ta biyun ta danganta da irin ƙarfen, don baƙin ƙarfe ya ninka alminiyom buƙata. A 2013 Vincent Balogun da Paul Mativenga na jami'ar Mancesta suka ƙara gida na uku: lokacin da komai yake juyawa, wuƙa tana matsowa, ba ta kai ga ƙarfe ba.

Sai mai digiri zai iya aunawa?

A'a. Mitar da masu gyaran wuta suke maƙalawa a waya ta isa a fara. Ka karanta injin yana juyawa haka nan, ka sake karantawa yana cin ƙarfe, ka kwatanta.

Wato a rage gudun inji?

Akasin haka. Wanda yake shafar ƙarfe a hankali don tausayin mita, tsawaita lokacin kunne kawai yake yi. Zurfafa yanka da gama aiki da wuri yakan rage wutar kowane guda. Sai dai akwai iyaka: gudu ya yi yawa, wuƙa ta dakushe ko ta ƙone, aiki ya fito da kaushi, a koma sayen sabuwa da tsada.

Daga ina zan fara?

Daga kashewa. A ce injinka yana cin kilowat 2 ba ya yanka, yara kuma suna barinsa yana kuka awa uku kullum, ana awo, ana ciniki, ana neman sifana. Yunit 6 ke nan, naira 1,350 a wancan farashi, a janareta kuwa abin ya fi haka. Ka jera aiki iri ɗaya kafin ka kunna, ka wasa wuƙa, ka ɗaure bel, sannan ka bi tiyon kwamfuresa, wato injin matsa iska, da kunne, duk inda iska take tsiyaya a toshe.