Waiwaye: Tarihin Mabuɗin Sirri da Asarar Kuɗin Kirifto, Daga Tokyo Zuwa Zangunan Kumasi

Masu gyaran waya a Adum da Kejetia sun saba da wanda zai zo yana neman a ceto masa hotuna ko lambobin abokan cinikinsa daga wayar da ta faɗa ruwa. A 'yan shekarun nan an samu wani sabon mai zuwa, galibi matashi daga Aboabo, Asawase ko Sawaba, wanda damuwarsa ita ce lalitar kirifto da ke cikin wayar, wato manhajar da yake sarrafa kuɗin intanet irin su Bitcoin da ita. Tambayar da mai gyaran da ya san harkar yakan fara yi masa ita ce: "Ɗan'uwa, ka rubuta kalmomin nan a takarda kuwa?" Kalmomin sirri yake nufi, waɗanda ake dawo da lalitar da su a wata wayar. Idan ya rubuta, mutuwar wayar ba ta taɓa dukiyarsa ba. Idan bai rubuta ba, kuma wayar ta ƙi tashi, to babu ofishi a Kumasi ko Accra ko wata ƙasa da zai kai kukansa. Dalilin haka yana cikin yadda aka gina tsarin tun ranar farko.

A ranar 31 ga Oktoba 2008 wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya fitar da taƙaitacciyar maƙala da ta bayyana kuɗin intanet wanda mutum zai tura wa mutum ba tare da banki a tsakani ba, sannan a ranar 3 ga Janairu 2009 aka buɗe kundin Bitcoin. Abin da mutane da yawa ba su fahimta ba har yau shi ne, kuɗin ba ya zaune a cikin waya ko kwamfuta. Yana rubuce ne a kundin da dubban kwamfutoci a duniya suke riƙe da kwafinsa, kuma abin da lalita take ajiyewa shi ne mabuɗin sirri, wato wata doguwar lamba da ake sa hannu da ita kafin kuɗi ya motsa daga adireshi. Kundin bai san suna ba, bai san fuska ba, bai san katin shaida ba. Duk wanda ya gabatar da mabuɗin shi ne mai kuɗin a wurinsa, kuma abin da ya fita ba a janye shi.

Aikin fitar da sabon Bitcoin ana kiransa haƙa, kalmar kuma an aro ta ne daga aikin da mutanen wannan yanki suka sani sarai, irin na zinariyar Obuwasi, domin sabon kuɗi yana fitowa ne a matsayin ladan wahala. Kwamfutoci suna tseren warware wani lissafi, wadda ta riga sauran sai ta ƙara sabon shafi a kundin, kusan kowane minti 10, ta karɓi lada. Ladan ya fara da Bitcoin 50, ana rage shi da rabi bayan kowane shafi 210,000: ya koma 25 a 2012, 12.5 a 2016, 6.25 a 2020, da 3.125 a Afrilun 2024, kuma jimillar da za a taɓa fitarwa ba za ta wuce miliyan 21 ba. Da farko kwamfutar gida ta isa. Daga 2013 injina na musamman suka karɓe fagen, aikin ya koma hannun masu manyan rumbuna da wutar lantarki mai araha, yawanci a ƙasar Sin har zuwa 2021 da gwamnatin can ta haramta shi. A daidai waɗannan shekaru mu a Ghana muna fama da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, saboda haka haƙa ta gaskiya ta wuce mu tun kafin yawancinmu su ji sunanta.

Asarar farko da duniya ta ji labarinta ta masu riƙe mabuɗi da kansu ce. James Howells na garin Newport a Wales ya ce a 2013 aka jefar da ma'ajiyar kwamfutarsa a juji, ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000. Ya shafe fiye da shekara goma yana neman izinin tono, har kotu ta kori ƙararsa a Janairun 2025. Stefan Thomas kuma ya manta kalmar buɗe wata na'ura mai riƙe da mabuɗin Bitcoin 7,002, wadda ke ba da damar gwaji sau 10 kawai. Kuɗin mutanen nan biyu yana nan a kundin, kowa na iya ganinsa, babu mai iya taɓa shi.

Da mutane suka ga nauyin riƙon mabuɗi, sai suka koma ga abin da tsarin ya zo ya kauce masa, wato ba wani ajiya. Kasuwar musayar kirifto ta Mt. Gox da ke Tokyo ta durƙushe a Fabrairun 2014 bayan ɓacewar Bitcoin kimanin 850,000, kuma sai bayan kusan shekara goma aka fara biyan masu ajiya wani kaso. A Disamban 2018 shugaban kasuwar QuadrigaCX ta Kanada, Gerald Cotten, ya mutu a Indiya, aka ce shi kaɗai ya san mabuɗan, daga baya binciken hukumar kula da hannayen jari ta Ontario ya nuna cewa yawancin kuɗin ya salwanta ta hanyar zamba tun yana raye. Kasuwar FTX ta bi sahu a Nuwamban 2022. A Fabrairun 2025 aka kwashe kimanin dala biliyan 1.5 daga kasuwar Bybit, bayan an yaudari masu sa hannun kamfanin suka amince da abin da ba shi suke gani a allo ba. Tarihin nan gaba ɗaya kai-kawo ne tsakanin tsoro biyu: ka riƙe ka ɓatar, ko ka bayar a cinye.

A tsakiyar wannan ne, a 2013, aka fito da tsarin da yawancin lalitoci suke bi yanzu, inda ake mayar da doguwar lambar zuwa kalmomi 12 ko 24 da aka zaɓo daga jerin kalmomi 2,048. Manufar ita ce mutum ya iya rubutawa da biro ya adana, in waya ta ɓace ya zuba su a sabuwa komai ya dawo. Sauƙi ne na gaske, amma ya zo da nasa haɗarin, domin dukiyar da a da sai gwanin kwamfuta zai iya sacewa, yanzu ta koma layi biyu da za a iya ɗauka a hoto cikin ƙiftawar ido.

A ganina, abin da ya sa wannan darasi ya yi mana wuyar shiga shi ne tarbiyyar da muka samu a harkar kuɗi, kuma tarbiyya ce mai kyau. Zangon Kumasi ya ginu ne a kan amana: fataken goro suna sauka gidan maigida, su bar masa kaya da kuɗi, shi ya san dillali, shi ya tsaya musu in an samu saɓani. Adashin iyayenmu mata da canjin kuɗi a Alabar duk a kan sanin mutum suke tafiya. Ko kuɗin waya da MTN ta ƙaddamar a 2009, shekarar da Bitcoin ya fito, ya ƙara tabbatar mana cewa a bayan kowane asusu akwai mutum: ka manta lambar sirri ka je ofis da katin Ghana a sabunta maka, ka tura kuɗi ga lambar da ba ita ba ka kai ƙorafi a bincika. Wanda ya taso a haka, idan aka ce masa ya turo kalmominsa don a gyara masa lalita, ba wauta ce take sa ya tura ba. Yana aiki ne da ƙa'idar da ta yi wa kakanninsa amfani, a wurin da ƙa'idar ba ta aiki.

Hukumomi sun daɗe suna tsaye a bakin gargaɗi. A Janairun 2018 Babban Bankin Ghana ya sanar cewa harkar kuɗin kirifto ba ta da lasisi a ƙasar, shekarar da aka rufe kamfanin hada-hadar zinariya na Menzgold, mutane da dama suka rasa ajiyarsu. Amma da sidi ya faɗi warwas a 2022, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba, 'yan kasuwa masu sayo kaya daga Sin da Dubai da matasa masu karɓar aike daga waje suka ƙara karkata ga USDT, wani kuɗin kirifto wanda darajarsa ke bin dala.

Ƙofar da ta shigo da jama'a da yawa ita ce abin da ake kira mainin, wato haƙa, a waya. Pi Network, wadda ta fara a Maris 2019, ta ce mutum ya danna maɓalli sau ɗaya a rana ya kuma gayyato wasu. A 2024 wasannin danna allo don tara kuɗin kirifto, irin su Notcoin da Hamster Kombat, suka cika Telegram. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa wayar ba ta haƙar komai a nan. Rabo ne da kamfani yake yi bisa sharuɗɗan da shi ya gindaya, shi ya sa ranar 26 ga Satumba 2024, da aka fara cinikin kuɗin Hamster, mutane da yawa suka tarar cewa dannawar watanni ba ta haifar da abin kirki ba. Pi ta buɗe ga kasuwa ranar 20 ga Fabrairu 2025, farashinta ya kusa dala 3 cikin mako guda, sannan ya sauko ƙasa da dala 1. Abin da ya fi damuna ba farashin ba ne. A matakin tantancewa da buɗe lalita ne aka miƙa wa dattawa da matan aure, waɗanda wasunsu ba sa karanta boko, kalmomin Turanci 24, sai suka nemi yaron maƙwabta ya taya su, ko suka ajiye hoton kalmomin a WhatsApp, ko suka zuba su a shafin bogi da ya yi alƙawarin sakin kuɗin da aka kulle. Wanda ya ga kalmomin sau ɗaya ba ya buƙatar wayar. Yana iya jira wata shida, ranar da rabo ya sauka ya kwashe daga inda yake.

A Agustan 2024 Babban Bankin ya fitar da daftarin ƙa'idoji, kuma a Disamban 2025 Majalisar Dokoki ta zartar da dokar da ta tanadi rajista da sa ido a kan kamfanonin da ke wannan harka. Mataki ne da ya dace, domin mai ajiya a kamfani mai lasisi zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Sai dai ikon doka yana tsayawa ne a kan kamfani, ba ya kai wa ga lalitar da mutum ya buɗe da kansa.

Akwai kuma batun gado, wanda har yanzu ba mu zauna a kansa yadda ya kamata ba. Idan mutum ya rasu a zango, malamai suna zama da iyali a lissafa gida, shago, bashi da kuɗin banki, a fitar da haƙƙin kowa. Dukiyar da ke bayan kalmomi 12 ba ta da takardar da za a nuna, ba ta da manajan da za a kai wa shaidar rasuwa, kuma sau da yawa matar mamaci da iyayensa ba su ma san da ita ba. Waɗanda suka fara lura da haka suna rubuta kalmomin da hannu, su ajiye tare da takardun fili inda ruwa da gara ba sa kai wa, sannan su ambata a wasiyya cewa akwai wannan dukiya da wurin da takardar take, ba tare da rubuta kalmomin a cikin wasiyyar ba. Inda ba a yi haka ba, rabon marayu yana nan rubuce a kundin kamar na Howells, malamin da ke rabon kuma zai rufe lissafinsa a kan abin da aka iya kawowa gabansa.